Baƙon da Na Kawo wa Mote

Chupaca, 9 ga Yuni, 1996

Zuwa ga 'yata Nelida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ku lafiya ke da jikata Zenaida. Yaya gajiyar hanya, yaya zaman asibiti, yaya kuma ƙafar yarinya? Ki gaida mini kawunki Teofilo da matarsa da suka ba ki masauki a Lima, Allah ya saka musu da alheri. Mu nan lafiya lau sai sanyi, da safe ruwan bokiti har ƙanƙara yake yi.

Saƙonki ya iso ta wayar kantin Don Anselmo. Ya ce ranar biyu ga Yuli likitoci za su yi wa Zenaida aikin ƙugun nan na hagu. Ya kuma ce ta fizge wayar daga hannunki don ta yi tambaya ɗaya tak, wai ko Mote ya ci abinci. Kakarta kuwa ko oho! Ki gaya wa marar kunyar nan na ji, kuma zan rama.

Mote yana nan ƙalau, ya yi ɓul-ɓul, gashinsa sai sheƙi. Ni dai har yau ban gane amfanin wannan hamsta, ɗan ɓeran Turawa, da malamarsu ta ba ta ba. Ba a cin sa, ba ya gadi, bai fi ƙwai biyu nauyi ba, sai cika kumatu da hatsi kamar ɓarawon kasuwa. Amma kin ga yadda ta yi da ni ranar da za ku tafi. Tun safe yana cikin aljihun siket ɗinta, ta ƙi fitar da shi, sai da ta sa na kama gicciyen wuyana na rantse cewa za ta dawo ta same shi da ransa da lafiyarsa. Na rantse, kuma ba na wasa da rantsuwa.

Takardar dokokin da ta manna a bango ina bin ta ɗaya bayan ɗaya. Kada a yi masa wanka. Kada a ba shi albasa. Kada a haɗa shi da kowa. Wannan ta ƙarshen ma ba sai ta rubuta ba, don ba zan jefa ɗan mitsitsin abu cikin kui ɗina ba, ɓerayen Masar talatin da ke yawo a madafa, su tattake shi.

Sai dai akwai abin da na yi, ki riƙe a cikinki tukuna. Tun da kuka tafi na lura yini yake yi a dunƙule cikin ƙaiƙayi, ba motsi ba kuka. Shekara arba'in da biyar ina kiwon kui, na san wannan ciwon. In ka ware kui shi kaɗai, sai ya daina ci, ya juya wa duniya baya, ya mutu. Jiya a kasuwar Asabar na tarar da mai sayar da tsuntsaye da kwali cike da 'yan hamsta, sun hau kan juna suna barci gwanin sha'awa. Na ba shi kui biyu ya ba ni namiji ɗaya, ja kamar Mote, sai dai ba shi da farin nan na ciki. Baƙo nake ce masa kafin mai su ta dawo ta raɗa masa suna. Ina saka shi a keji suka miƙe tsaye kan ƙafa biyu suna tsuwa, suna taɓa hannu. Nelida, sai da na yi hawaye don daɗi, yau ga Mote ya sami ɗan'uwa mai jin yarensa.

Na ba direban da zai kawo miki takardar nan cuku biyu da soyayyiyar masara, ki tabbata ya ba ki duka. Ki riƙa sa mata safar ulu, raɓar Lima tana shiga ƙashi.

Ki huta lafiya. Taki,
Eulogia Camayo

Chupaca, 23 ga Yuni, 1996

'Yata Nelida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, yaya jikin Zenaida? Tana ci? Tana barci? Ki dubi Allah ki faɗa mini gaskiya, kada ki yi mini irin ta Don Anselmo, wanda kullum amsarsa ɗaya ce, wai komai lafiya. Wannan takarda ki karanta ta a waje, ba a gaban yarinya ba.

Mote ba shi da lafiya. Kwana goma ke nan gashinsa ya fara tashi, ya daina sheƙi, ya cukurkuɗe kamar tsohon bargo. Sai ya fara zubewa. Yanzu akwai wuri kamar faɗin kwabo da ya zama fata zalla, da ɓawon gyambo a tsakiya da wani baƙin tabo a gefe. Ya rame, kumatun nan da ba sa rabo da hatsi sun zama fayau. Baƙo kuwa sai ƙiba yake yi, abinci ɗaya, keji ɗaya. Da fari na ce ƙazwa ce irin ta kui, na shafa masa kitsen rago da toka kamar yadda na saba. Bai yi komai ba.

Ban faɗa miki inda gyambon yake ba. A ƙugun hagu yake.

Kin san kakarki, uwata, da kui take duba marasa lafiya. Ta goga shi a jikin mutum tun daga kai har tafin ƙafa, ciwon ya koma jikin dabbar, ta yanka ta buɗe ta ga inda ya zauna. Kin sha yi mini dariya a kan wannan tun kina makaranta, ni kuma na sha gani da idona. To ki tuna a wane aljihu Mote ya yini ranar tafiyarku. Ni sai da maƙwabciyata Fortunata ta tuna mini. Ta shigo aron rariya, ta leƙa kejin, ta yi alamar gicciye, ta ce, "Eulogia, ke da kika tashi a gidan mai magani, sai an karanta miki wannan? Ya ɗauke mata ne." Na zauna a kan buhun dankali.

Na ce mata ai wannan ba kui ba ne, ɗan ƙasar waje ne. Ta ce, "Ciwo yana tambayar takardar haihuwa ne? Kawo wuƙa mu buɗe shi mu ga abin da likitocin za su tarar." Na ce in ta sake ambaton wuƙa a gidana da rariyar zan rafke ta. Ta ce to, ba ta ja, amma in daina shafa masa magani. Wai in ya mutu ya tafi da ciwon ke nan, in kuwa na warkar da shi, ciwon ba shi da wurin komawa sai jikin mai shi. Ta ɗauki rariyarta ta fita, ta bar ni da wannan magana.

Nelida, yau kwana biyu ban shafa masa komai ba. Ina zuba abinci in juya baya, ba na iya kallonsa. Na rantse wa yarinya zan tsare mata shi, ga shi ina zaune ina jiran ya mutu dominta. In ya mutu, da wane ido zan dube ta? In na warkar da shi wani abu ya same ta a ɗakin tiyata, ina zan sa kaina? Na je coci na durƙusa har gwiwata ta yi tsami, ban fito da amsa ba. Fada, limamin cocin, kuwa ban gaya masa ba, na san faɗa zai yi mini.

Abu ɗaya ke sanyaya mini rai, ba shi kaɗai yake jinya ba. Da almuru in na wuce ɗakin Zenaida nakan ji su suna tsuwa, Baƙo yana ɗebe masa kewa.

Don Anselmo ya ce Zenaida ta ce ba za ta yarda a shiga da ita tiyata ba sai ta ji daga bakina cewa Mote lafiya. Ki ce mata layin waya ya lalace. Ban taɓa yi mata ƙarya ba, ba kuma na so in fara yanzu.

Ki yi mini addu'a kamar yadda nake yi muku. Uwarki,
Eulogia

Chupaca, 3 ga Yuli, 1996

'Yata Nelida,

Gaisuwa da godiya ga Allah! Sannu da ɗawainiya, sannu da tsayuwa, sannunku ke da kawunki. Jiya da Don Anselmo ya taho da gudu da tumbinsa yana kiran sunana tun daga bakin titi, sai na fito na tare shi a ƙofar gida. Da ya ce an fito da ita lafiya, ta farka, har ta nemi ruwa, sai na rungume shi a gaban matarsa. Yau unguwa ba ta da zance sai wannan, ni kuwa ko a jikina.

A waya ranar Asabar ban iya yi miki bayani ba saboda yarinya tana kusa, na dai ce mata Mote yana ci yana sha, kuma gaskiya na faɗa. Yanzu ga yadda aka yi, ki yi dariyarki ki more, na cancanta.

Washegarin ranar da na rubuto miki na tashi da sassafe hura wuta. Na ce a raina, in ma mutuwar zai yi, ba zai yi ta a ɗaki mai sanyi ba. Na ɗauko kejin na ajiye a gefen murhu, na zauna ina fere dankali. Mote ya lallaɓo daga ƙaiƙayi yana ɗingishi ya nufi kwanon abinci. Ko ƙwaya ɗaya bai kai baki ba sai ga Baƙo ya fito kamar an harbo shi. Ya bi shi kusurwa, ya danne shi, ya kafa masa haƙori a daidai gyambon nan. Mote ya faɗi rigingine yana wannan tsuwar. Wayyo Nelida, tsuwar da na yi mako biyu ina ji ina murmushi, ina cewa hira suke yi, ashe ihu yake yi a cece shi!

Na zura ludayi na raba su. Ɗan banzan ya bar ludayin ya kama babban yatsana, har yanzu a kumbure yake. Na jefa shi cikin tukunyar ƙasa na rufe da faranti, na naɗe Mote a gyalena, ko wutar ban kashe ba na fita tarar mota zuwa Huancayo. Fortunata tana shara a ƙofar gida ta ce ina zuwa haka ba ko hula. Na ce mata ciwon nata na rufe shi a tukunya, ta shiga ta gaishe shi.

Wurin likitar dabbobin da ke bayan kasuwa na je, wata yarinya Dakta Irma, ba ta kai ki shekaru ba. Mutane na layi da karnuka da tumaki, ni da ƙullin gyale. Ta buɗe ta duba, ta tambaye ni su nawa ne a kejin. Na ce biyu, na sayo masa aboki don kada kaɗaici ya kashe shi. Ta dafe kai ta ce, "Haba Mama! Wannan ba kui ba ne. Irinsu in sun girma kowa gidansa daban, in aka haɗa su sai ɗaya ya kashe ɗaya." Na ce ai a kwali na gan su sun fi goma suna barci tare. Ta ce waɗancan jarirai ne, a ba su wata ɗaya a gani. Na ce mazan kui a kan mace suke faɗa, nan kuwa ba mace, to a kan me? Ta ce, "A kan gida, Mama. Ke in kika wayi gari kika ga ƙato a gadonki yana cin abincinki, hira za ki yi da shi?"

Na yi ƙarfin hali na tambaye ta baƙin tabon ƙugun hagu. Ta juya shi ta busa gashin ƙugun dama, sai ga irinsa sak. Ta ce da shi ake haihuwarsu, da shi suke shafa warinsu a wuri don a san nasu ne. Sannan ta nuna mini wasu cizon har huɗu, a gindi, a baya, da kunnen dama da ya tsage. Duk suna nan tun tuni, ni ce ban gan su ba. Ƙugun hagu kaɗai nake kallo saboda shi nake tsoro.

Ban ɓoye mata zancen Fortunata ba. Ba ta yi dariya ba, ta ce ita ma kakarta da kui take duba mutane. Ta ce, "Wannan dai ba ciwon jikarki ya ɗauka ba, cizo ya sha. Ki warkar da shi hankali kwance." Nelida, wata ajiyar zuciya da na yi, sai da mai karen da ke bayana ya tambaya ko lafiya. Na fashe da kuka a gaban mutane kamar ƙaramar yarinya. Ba sai na zaɓa tsakanin rantsuwata da jikata ba, abin da ya sa ni kuka ke nan.

Ta wanke masa kitsen da tokar da na lafta, ta ce su ma sun ƙara cukurkuɗa gashin. Ta ba ni magani a ƙaramar kwalba, ɗigo ɗaya safe da yamma, da ruwan gishiri na wanke gyambo. Ta ce da na ƙara kwana uku da sai dai wani zancen. Yanzu yana kejinsa shi kaɗai a gefen murhu, na wanke kejin tas na zuba sabon ƙaiƙayi. Ran nan na ba shi dafaffen ƙwai da 'ya'yan kabewa, ya cusa a kumatu har kansa ya fi jikinsa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne kwana ukun nan da na bar shi ba magani da gangan. Wannan ba rashin sani ba ne, da sanina na yi, kuma na faɗa wa Fada ranar Lahadi. Zenaida ma zan faɗa mata da hannuna in ta ƙara jin ƙarfi, kada ki riga ni.

Ga zuma nan da cuku, zumar ta yarinya ce, kada kawunki ya gan ta.

Uwarki mai godiya,
Eulogia

Chupaca, 21 ga Yuli, 1996

Zuwa ga ƙawata Zenaida,

Gaisuwa da yawa daga kakarki da ba ki tambaya. Yaya ƙafa, yaya sandunan da aka ba ki? Uwarki ta ce kin taka daga gado har taga, kin kuma yi wa nas tsiwa. Da na ji zancen tsiwar na san kin warke.

Mote yana gaishe ki. Yana nan da ransa, yana ci kamar mai biyan haraji da ciki, ya koma hawan lilonsa yana hana kui barci. Amma akwai laifin da na yi miki, gara ki ji daga gare ni kafin ki gani da idonki.

Kin rubuta kada a haɗa shi da kowa. Na karanta, na ɗauka kui kike nufi, na je na sayo masa wani hamsta na saka masa a keji. Wancan ya yi ta cizonsa mako biyu ban sani ba, har gashinsa ya zube ya yi gyambo. Da na ga gyambon a ƙugunsa na hagu sai na tsorata, na ɗauka ciwonki ne ya ɗauke miki, na yi kwana uku ban yi masa magani ba don ina tsoron kada ya dawo miki. Na yi kuskure a na farko, na yi kuskure a na biyu. Ke kika fi ni sanin dabbarki, ni mai furfura. Ki yafe mini, in kuma za ki yi fushi ki yi, amma ki yi shi a nan gida inda zan riƙa ganin fuskarki.

Gyambon ya rufe. Wani gashi mai laushi ya fara fitowa a wurin, fari-fari, Dakta ta ce zai yi ja daga baya. Kunnensa na dama dai ya tsage ke nan har abada, ya zama kamar tsohon ɗan dambe. In kin dawo sai ku gwada tabo ke da shi, a ga na wa ya fi kyau.

Wancan mugun, Baƙo, yana gidan Fortunata. Ita ta ce a ba ta, wai tana so ta ga ƙarshen rashin kunyarsa. Ya cije ta sau biyu, ta sa masa sunan marigayi mijinta, kuma ba ta cin abinci sai ta ba shi.

Dakta ta ce barcin da Mote yake yi da rana ba baƙin ciki ba ne, haka Allah ya yi su, kuma zamansa shi kaɗai shi ne jin daɗinsa. Na yi ta juya maganar nan ina fere dankali. Ranar da kuka tafi na dafa miya kwano uku, na zuba, sannan na tuna. Na shiga ɗakinki na tarar da shi a dunƙule ba mai yi masa magana, na ce wayyo, kaɗaici zai kashe shi. Shi kuwa barcinsa yake yi hankali kwance. Wadda kaɗaici ya dama tana tsaye a bakin keji da ludayi a hannu.

Shi hamsta ne, ya iya zama shi kaɗai. Ni kui ce, ban iya ba. Ki yi wa likitocin nan biyayya, ki ci abinci, ki taka ƙafar nan su sallame ku. Na wanke bargonki na shanya, na ware kui biyu masu ƙiba na ranar da za ku sauka, kuma kullum motar Lima ta tsaya a bakin titi ina fitowa in duba.

Kakarki mai jiranki,
Eulogia Camayo